Mu San Zomo Don Mu Tsare Garka da Dashe

 

Yau a filinmu na lafiya da noma za mu yi magana a kan wata ƴar ƙaramar dabba. Kowa ya san ta, amma kaɗan ne suka san yadda take rayuwa. Wannan dabba ita ce zomo.

Kowace shekara, da zarar sanyi ya shigo an soma aikin garka, sai koke-koke su yawaita. Mai garka ya tashi da safe ya tarar an aske masa salati. Mai dashe ya tarar an gwaguye ɓawon ƴan itatuwansa. Idan rai ya ɓaci, wani sai ya sa guba. Wani kuma sai ya cinna wa daji wuta. To, guba da wuta sun fi zomo ɓarna nesa ba kusa ba. Saboda haka bari mu fara da sanin halin zomo. Wanda ya san halin ɓarawo, shi ya san inda zai toshe.

Zomo iri-iri ne

A Hausa suna ɗaya muke da shi, wato zomo. Amma masana dabbobi sun raba zomaye gida-gida. Uku daga ciki sun isa mu sani.

Na farko shi ne zomon dajinmu. Yana da dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafun baya. Nauyin babba yakan kai kilo 1 da rabi zuwa kilo 3. A Nijar akwai iri biyu masu kama da juna ƙwarai. Ɗaya ya fi son fili mai ƙarancin ciyawa, kamar na arewa wajen makiyaya. Ɗayan ya fi son wurin da ke da sabara da geza da ciyawa mai tsawo.

Na biyu shi ne zomon gida, wanda ake kiwo a keji. Asalinsa ba daga dajinmu yake ba. Kakanninsa zomayen daji ne na ƙasashen Sifen da Fotugal. Su suna haƙa rami mai zurfi, suna zama jama'a guda.

Na uku yana nahiyar Amurka. Mutanen can suna kiransa mai wutsiyar kaɗa, domin ƙarƙashin wutsiyarsa fari ne fat kamar sulun kaɗa. Bai kai namu girma ba, kunnuwansa kuma sun fi gajarta. Shi ma yana damun masu garka a can, kamar yadda namu yake damunmu.

Zomon daji da zomon gida ba sa haihuwa da juna. Ko an haɗa su keji ɗaya ba za a sami ɗa ba. Halittarsu ta bambanta tun daga cikin jini.

Yadda Allah ya gina jikinsa

Zomo ba shi da ƙaho, ba shi da dafi, ba shi da farcen faɗa. Makamansa uku ne: kunne, ido da ƙafa.

Kunnuwansa suna juyawa kowane ɓangare, kowane kunne da kansa. Yana jin motsin kare tun daga nesa. Kunnuwan suna da wani aiki kuma. Akwai ƙananan jijiyoyin jini da yawa a cikinsu. Idan zafi ya yi yawa, jini yakan taru a kunnuwa, iska ta shanye zafin, jiki ya yi sanyi. Da haka yake jure zafin watan Afrilu da Mayu a kan duwatsun Adar.

Idanunsa suna gefen kai. Yana ganin gaba da gefe, har da kusan bayansa, ba tare da ya juya wuya ba. Barcinsa kaɗan-kaɗan ne, sau da yawa ido a buɗe. Daga nan Hausawa suka sami kalmar barcin zomo.

Ƙafafunsa na baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi. Idan ya zura da gudu yakan kai kilomita 60 a awa, a ɗan gajeren zango. Ba ya gudu a miƙe. Yakan karkata dama, ya karkata hagu, har kare ya wuce shi. Gaskiyar masu iya magana: kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Launin gashinsa ruwan ƙasa ne da ratsin baƙi. Cikinsa fari ne. Saman wutsiya baƙi, ƙasanta fari. Idan ya lafe a gindin sabara ya kwantar da kunnuwa, mutum yakan wuce shi taku biyu bai gan shi ba.

Haƙoransa 28 ne. Na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu. Dole ne kullum ya yi ta gwaguyar abu mai tauri don su goge. Wannan na cikin dalilan da ke sa shi cin ɓawon itace.

Kwanansa da abincinsa

Zomon dajinmu ba ya haƙa rami. Yakan share ɗan wuri a gindin ciyawa ko ƙaya, daidai jikinsa, ya kwanta a nan wuni guda. Idan karnuka suka matsa masa, yana iya faɗawa ramin wata dabba don ya tsira. Amma wannan gidan aro ne.

Shi kaɗai yake zama, ba ya garke. Da magariba yake fita kiwo, ya koma makwanci kafin hantsi. Yakan bi hanya ɗaya kusan kowane dare. Mai lura zai ga ƴar siririyar turbarsa a cikin ciyawa.

Da damina abinci a wadace yake. Yana cin ɗanyar ciyawa da ganyaye, wani lokaci ya taɓa tsiron wake ko na gyaɗa a bakin gona. Ɓarnarsa a lokacin ba ta da yawa. Da rani ne labari yake canzawa. Ciyawa ta bushe, bisashe sun lashe fili. Abu ɗanye bai rage ba sai a garka da jikin ƴan itatuwa. Zomo ba ya yawan zuwa shan ruwa. Mafi yawan ruwan da jikinsa ke bukata daga ganye da raɓa yake samunsa. Ke nan garka ta zama masa rumbu da rijiya gaba ɗaya.

Akwai wani abin mamaki a cikin cinsa. Kashinsa iri biyu ne. Akwai busasshe mai kama da ƴaƴan carbi, wanda muke gani a ƙasa. Akwai kuma mai laushi, wanda yake sake haɗiyewa da zarar ya fito, lokacin da yake hutawa. Abincin yakan ratsa cikinsa sau biyu, ya tatse dukan amfaninsa. Da wannan hikima yake rayuwa a kan busasshiyar ciyawar da ba ta ƙosar da tunkiya.

Haihuwa da reno

Zomanyar daji tana ɗaukar ciki kamar kwana 42. Takan haifi ɗa 1 ko 2, wani lokaci 3. Tana iya haihuwa sau da yawa a shekara idan abinci ya samu.

Ƴaƴan suna zuwa duniya da gashinsu, idanunsu a buɗe. Ba a jima ba suke iya motsawa. Uwar ba ta zama tare da su. Kowane ɗa yakan lafe a wurinsa, shiru, wuni guda. Bayan faɗuwar rana uwar takan zo ta shayar da su na ƴan mintoci, ta sake tafiya. Nononta yana da kauri da maiƙo, shi ya sa sha ɗaya yake isarsu. Bayan kamar wata ɗaya sun yaye, kowa ya kama gabansa.

Wannan ba rashin tausayi ba ne. Idan uwar ta zauna kusa da su, dila zai bi warinta ya same su. Nisanta da su shi ne tsaronsu.

A nan akwai gargaɗi ga yaranmu masu kiwo. Idan kun tsinci ɗan zomo shi kaɗai a gindin ciyawa, ba maraya ba ne. Uwarsa tana nan kusa, za ta zo da dare. Idan kuka kawo shi gida, mafi yawa mutuwa yake yi cikin ƴan kwanaki. Tsoro da rashin nonon uwa ne ke kashe shi. Ku bar shi inda kuka gan shi.

Na Amurka mai wutsiyar kaɗa ya ɗan bambanta. Cikinsa kamar kwana 28 ne. Uwar takan tona ɗan gurbi, ta shimfiɗa ciyawa da gashin jikinta. Ƴaƴan sukan kai 4 ko 5, suna zuwa ido a rufe. Zomon gida kuwa cikinsa kamar kwana 31 ne. Ƴaƴansa suna zuwa tsirara, ba gashi, sai wajen kwana 10 suke buɗe ido.

Maƙiyan zomo suna da yawa: dila, yanyawa, muzurun daji, gaggafa, mujiya, mesa da karnuka. Da yawa cikin ƴaƴan ba sa cika shekara. Yawan haihuwa ne kaɗai ya hana irinsa ƙarewa. Mu kuma lura da wannan: zomo yana cikin abincin dila. Inda ƙananan namun daji suka ƙare, dila yakan juyo kan ƴan awaki da kaji.

Zomo da aikin raya ƙasarmu

Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Itatuwa sun mutu, ƙasa ta zaizaye, namun daji sun watse. Bayan haka aka tashi tsaye.

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an soma dasa layukan dogon yaro a shekarar 1975 don karya ƙarfin iska. Ƙungiyar CARE ce ta taimaka, tare da ma'aikatan gandun daji da mutanen garuruwa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A wannan shekara ce kuma aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO. An tona ramukan tara ruwa a jikin duwatsu. An yi kunyoyin dutse da madatsun ruwa. An dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan wahala, da dutse a ka da ɗa a baya. Bayan farin 1984 ɗin ne kuma gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a ko'ina cikin ƙasa.

Inda itace da ciyawa suka dawo, ƙananan dabbobi sukan sami mafaka. Zabin daji, fakara, bushiya da zomo duk suna cikinsu. Saboda haka ganin zomo a bayan gari alama ce mai kyau. Yana nuna ƙasa tana farfaɗowa.

Amma ga inda matsalar take. Itacen da aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace, yana da rauni a raninsa na farko. Ɓawonsa ɗanye ne mai taushi. A ƙarƙashin ɓawon nan ne abinci yake bi daga ganye zuwa saiwa. Idan zomo ya gwaguye ɓawon ya kewaye gindin duka, hanyar abinci ta yanke. Itacen zai bushe ko da ana ba shi ruwa. Wahalar reno da dashe da ban ruwa ta tafi a dare ɗaya.

Yadda za a gane ɓarnar zomo

Kafin a ɗauki mataki, a tabbata wane ne mai laifi. Sau da yawa akuya ce ko ɓera ko kurege, amma a ɗora wa zomo. Ga alamu huɗu.

1. Yanka. Zomo yana yanke tsiro tsaf, a karkace, kamar da wuƙa mai kaifi. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba na sama. Su fizga suke yi, sai bakin reshen ya yi kaca-kaca.

2. Tsawo. Ɓarnar zomo tana ƙasa-ƙasa, ba ta cika wuce gwiwar mutum ba. Idan an ci ganye har tsawon ƙugu ko ƙirji, wannan aikin akuya ne.

3. Kashi. Na zomo ƙulalai ne, busassu, ana ganin ɓurɓushin ciyawa a ciki. Na akuya ya fi baƙi da santsi. Na ɓera ƙanana ne masu tsini.

4. Sawu. Idan zomo yana tsalle, dogayen sawun baya biyu suna faɗawa gaba. Ƙananan sawun gaba biyu suna biye, ɗaya bayan ɗaya. A share ɗan wuri a bakin darni da yamma, a yayyafa ruwa. Da safe sawun zai faɗi gaskiya.

A garka zomo ya fi son salati, kabeji, ganyen karas, ganyen dankali, tsiron wake da ƙaramin zogale. Bai cika damuwa da albasa ba. Masu noman albasar Galmi sun fi fama da ƙwari fiye da zomo.

Hanyoyin kariya

Maganin zomo shinge ne. Ba tsawo kaɗai ake nema ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙasan shingen, domin zomo ya fi son kutsawa ta ƙasa.

1. Darnin kara. A jera karan hatsi ko na dawa dab da dab, a ɗaure tamau. A binne gindinsa kamar tsawon tafin hannu. A duba shi kowane mako. Duk ƙofar da dunƙulen hannu zai shiga, ƙaramin zomo zai shiga.

2. Ƙaya. A jera ƙayar magarya ko ta bagaruwa a gindin darni ta waje. A yi amfani da rassan da aka rage wajen gyaran itace. Kada a sare itace sukutum don a yi shinge.

3. Ragar waya. Idan ƙungiyar garka tana da hali, ta sayi mai ƙananan idanu, kamar santimita 3. Tsawonta ya kai mita 1. A binne ƙasanta santimita 15. Tsadarta ta fi sauƙi idan garake da yawa suka haɗu cikin shinge ɗaya.

4. Shinge mai rai. Aguwa da lalle suna yin shinge mai daɗewa. Idan gindinsu ya yi sarari, a cike da ƙaya. A yi hankali da ruwan aguwa, yana cutar ido.

5. Kwandon dashe. Kowane ɗan itace a yi masa kewaye na kara ko na saƙar rassa, tsawon mita 1. Kada kewayen ya matse jikin itacen. A bar shi har gindin ya yi kauri, ɓawon ya yi tauri.

6. Sharar gefe. A share ciyawa da tarin kara taku kaɗan daga bakin darni. Zomo ba ya son ratsa fili tsirara, domin yana tsoron mujiya.

7. Ƙofa. Garake da yawa suna da shinge mai kyau da ƙofa marar kyau. A toshe ƙasan ƙofa da dutse ko icce kowace yamma.

Mutum-mutumi da gwangwani masu ƙara suna aiki na ƴan kwanaki kawai. Zomo yakan saba da su. Idan za a sa su, a riƙa canza musu wuri.

Guba da wuta: kada mu kusance su

Wasu sukan barbaɗa maganin ƙwari a kan ganye ko dusa, su ajiye wa zomo. Wannan babban haɗari ne. Guba ba ta san zomo ba. Kaza za ta ci, akuya za ta ci. Kare da angulu za su ci mushen, su ma su mutu. Abin da ya fi muni, yaro yana iya tsintar zomon da guba ta kayar, ya kai gida a dafa. Wuta ba ta kashe irin wannan guba.

Alamun shan gubar ƙwari su ne yawan miyau, zufa, amai, zawo, ciwon ciki, rawar jiki da wahalar numfashi. Idan aka ga haka, a gaggauta kai mutum gidan likita. A tafi da kwalba ko takardar maganin idan an same ta. Kada a tsaya ba shi madara ko manja. Kada a tilasta masa yin amai.

Wuta kuma fa? Samari sukan cinna wa ciyawa wuta don zomo ya fito. Zomo ɗaya kilo 2 ne. Amma wutar da iskar hunturu ta ɗauka tana cinye abincin garken shanu na wata da watanni. Tana ƙone dashe, da tarin kara, wani lokaci har da rumbuna. Daga nan ake samun rigima tsakanin manomi da makiyayi. An sayar da sa an sayi kaza ke nan.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Ta hana farauta da guba da farauta da wuta. Duk mai son yin farauta ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarsa. Su za su faɗa masa lokacin da aka yarda da hanyar da aka yarda.

Naman zomo da lafiyarmu

Naman zomo halal ne idan an yanka. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa sahabi Abu Ɗalha ya yanka zomo, ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani sashe na naman, kuma ya karɓa.

Nama ne mai gina jiki, marar kitse da yawa. A cikin giram 100 akwai kamar giram 20 na sinadarin gina jiki. Yana da amfani ga yara masu tasowa, da mata masu ciki, da masu shayarwa. Amma a kiyaye waɗannan ka'idoji.

1. Kada a ci zomon da aka tsinta a mace. Mushe ne, kuma ba a san abin da ya kashe shi ba.

2. A yi shakkar zomon da bai gudu ba. Lafiyayyen zomo ba ya tsayawa a kama shi da hannu. Wanda ya tsaya, ko ciwo ne ko guba.

3. Mai rauni ko gyambo a hannu kada ya yi fiɗa. Bayan fiɗa a wanke hannu da wuƙa da sabulu.

4. A duba hanta da kayan ciki. Idan an ga fararen ɗigo a hanta, ko ƙuraje masu yawa, a binne naman.

5. Kada a jefa wa kare ɗanyen kayan ciki. Akan sami ƴan jakunkunan ruwa a cikin zomo. Idan kare ya ci su, sukan zama doguwar tsutsa a hanjinsa. A binne kayan cikin da zurfi.

6. A yi hankali da kaska. Zomo yana ɗauke da ƙananan kaska, musamman a kunnuwa. Wasu kaska suna ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda ke kama mutum. Kada a murtsuke kaska da yatsa, ko ta zomo ko ta shanu. A jefa ta wuta.

7. A dafa nama ya nuna sarai, har ja ya ɓace a jikin ƙashi.

Wanda zazzaɓi ya kama bayan fiɗar naman daji ko cizon kaska, ya je gidan likita. Ya faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya taɓa.

Mai son nama ya yi kiwo

Maimakon bin zomo a daji, ana iya kiwon zomon gida. Aiki ne da mata da yara za su iya. Ba ya bukatar fili mai yawa.

Zomanya takan isa barbara tana da wata 5 zuwa 6. Ita ake kaiwa kejin namiji, a mayar da ita bayan barbara. Takan haifi ƴaƴa 6 zuwa 8. Kafin haihuwa da kwana 3 a sa mata akwati da busasshiyar ciyawa. Ana yaye ƴaƴan bayan sati 5 ko 6. Suna isa yanka a wata 3 zuwa 4.

Abincinsu yana gidanmu: harawar wake, harawar gyaɗa, dusa, ganyen dankali da ganyen zogale. A ɗan shanya ɗanyen ganye kafin a ba su. Kada a ba su ganyen da aka yi wa feshi. Ruwa mai tsabta kada ya yanke musu.

Babban maƙiyinsu a ƙasarmu zafi ne. Zomon gida bai kai na daji jure zafi ba, yana iya mutuwa a tsakar rana ta bazara. A ajiye keji a inuwa mai iska. A rufe samansa da zana, kada a bar kwano tsirara. A ɗaga kejin daga ƙasa don kashi ya zube, kuma don kare da ɓera. Kashin nan taki ne mai kyau ga garka.

Idan an sayo sabon zomo, a ware shi sati 2 kafin a haɗa shi da sauran. Idan zomaye suka soma mutuwa farat ɗaya, a sanar da malamin dabbobi.

Darasi daga nesa

A shekarar 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a ƙasar Ostareliya, don ya riƙa farauta. Irin na Turai ne masu haƙa rami. A can ba su tarar da maƙiya masu yawa ba. Cikin shekaru kaɗan suka zama miliyoyi. Suka cinye ciyawar tumaki, suka kashe ƙananan itatuwa, ƙasa ta zaizaye. Daga 1901 zuwa 1907 aka gina shingen waya na dubban kilomita, amma bai tsayar da su ba. A 1950 sai da aka sakar musu cuta da gangan kafin suka ragu.

Me wannan yake koya mana? Zomonmu bai zama annoba ba domin yana da masu rage shi. Mujiya, gaggafa, yanyawa da dila suna yi mana aiki ba lada. Idan muka kashe su da guba, mun buɗe wa zomo da ɓera ƙofa. Haka kuma kada mu saki dabbar wata ƙasa a dajinmu.

Kammalawa

Ƴan uwa, Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Mu ma dawa muka tara da shi. Yana da nasa rabo a cikin ciyawar Allah. Mu kuma muna da haƙƙin tsare guminmu. Shinge mai kyau ya raba gardama. Mu gyara darni tun kafin shuka, mu kewaye dashe tun ranar dasawa, mu bar guba da wuta.

Ga tambayoyi don tattaunawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci:

1. Ta yaya za mu bambanta ɓarnar zomo da ta akuya?

2. Me ya sa ba a ɗaukar ɗan zomon da aka tsinta a daji?

3. Su wane ne guba take cutarwa bayan zomo?

4. Garake nawa ne a garinmu za su iya haɗuwa cikin shinge ɗaya?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ku ba malamin cibiyarku. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.